Na Karɓe Ka

"Ba za ki koma gidan nan ba, Auta. Na gama magana."

Yaya ne yake faɗin haka a tsaye a bakin ƙofar ɗakin Umma, hannunsa duk baƙin mai, don daga gareji ya taho ko sabulu bai tsaya nema ba. Auta tana zaune a gefen gado, ta ɗora hannun hagu a cinya, an naɗe ɗan yatsan da bandeji har ya yi suntum. Da safen nan allurar keken ɗinki ta shige mata ta farce ta ɓullo ta ƙasa. Mai shagon da take wa aiki ita ta kai ta asibiti aka cire allurar, kuma ita ta buga wa Yaya waya ta fesa masa abin da ta daɗe tana gani: yarinyar nan barci take a kan keke, ƙafa tana aiki, ido a rufe.

Umma ta kama haɓar Auta ta juyo da fuskarta wajen haske. Idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo, ga ƙaramin ciki da ko tasowa bai yi ba. Ta saki haɓar ta yi tagumi.

"Dukanki yake yi?" in ji Yaya.

"Haba Yaya…"

"Shaye-shaye ya fara?"

"Wallahi ko sigari ba ya sha."

"To mene ne? Me yake cin ki a gidan nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Tunda Baba ya rasu tana 'yar mitsitsiya, Yaya ne uba. Shi ya kai ta makaranta a kan kekensa, shi ya nema mata wurin koyon ɗinki, shi ya tsaya mata ranar da ta ce ita Saja take so. Ba ta taɓa ce masa a'a ba, ko da wasa. Amma wannan maganar ba ta da bakin faɗinta, don ta san Yayanta, kafin ta kai ƙarshe zai yanke hukuncin cewa mijinta ya sami taɓin hankali.

Saja dai shi ne mijin. Sunan da ya fito da shi daga soja ke nan, har Umma da shi take kiransa. Da rana ba ka samun mutum mai sanyin hali kamarsa. Yana kula da sito a wani kamfanin kayan gini, ya dawo ya taya ta wanke-wanke, ya zauna yana warware mata zaren da ya harɗe da waɗannan manyan yatsun nasa, tana masa dariya. Amma da duhu ya yi sai ya zama wani mutum. Ya duba taga, ya duba ƙofa, ya sake duba taga, sannan ya jawo kujerar roba ya ajiye ta tana fuskantar ƙofar ɗaki, ya zauna ido ƙyam har gari ya waye. Ƙwayar barci ta kemis ya sha har ya gaji, ba ta ƙare shi da komai ba sai nauyin kai. Da kofi yake tallafe yininsa, kofi bayan kofi, in ya dawo da yamma ya ɗan ɓingire a kujerar falo, ita kuwa ta riƙa sanɗa kada cokali ya faɗi.

Sau ɗaya tak ya taɓa ba ta labari, shi ma a gutsure. A wurin da aka kai su na ƙarshe, yana bakin gadi wani dare aka afka wa ɗaya ɓangaren sansanin. Wanda zai zo ya canje shi bai zo ba, kuma ba zai taɓa zuwa ba. Ya ce a ƙa'ida, mai canjinka zai dafa kafaɗarka ya ce, na karɓe ka, sannan ne kake da izinin runtsawa. Shi kuwa a daren nan ba wanda ya faɗa masa, har rana ta fito yana tsaye yana jira.

Auta, da tausayi da ƙuruciya, a wannan daren ta lallaɓo ta bayansa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Na karɓe ka, Saja." Rabin wasa take. Sai ga shi ya ɗago ya dube ta, ya miƙe ba musu, ya kwanta, kafin ta gyara masa filo har numfashinsa ya canja. Ta zauna a kujerar tana hawayen murna. Da ta ga ya yi nisa ta taso za ta kwanta, gadon na motsawa ya zabura ya dira a ƙasa, yana lalubar abin da ba ya nan. Ta koma kujerar da sauri ta ce tana nan, ya koma ya kwanta.

To kun ji yadda telar mata ta zama soja ba kaki. Kullum ita ce a kujerar roba, in barci ya fizge ta ta mintsini cinyarta. Shi kuwa ta gaya masa wai da zarar ya yi nisa take kwanciya, da rana ma tana ramawa a bayan shago. Ya yarda, don mutumin da ya daɗe bai ɗanɗani barci ba ba ya tsananta bincike a kan wanda ya samu.

Abin da ta iya ce wa su Yaya shi ne mijinta yana fama da rashin barci. Yaya ya yi wata dariya mai ciwo, ya tambaya in shi ne ba ya barci, me ya sa ita ce take ramewa. Umma ce ta shiga tsakani. Ta ce a kai shi asibiti, a ba su zuwa ƙarshen wata, in ba a ga canji ba Auta ta dawo gida har ta haihu, abin da zai biyo baya kuma sai a gani. Yaya ya amince da ƙyar, ya ce da ƙafarsa zai zo ya ɗauke ta, kuma kowa a ɗakin ya san in ya ɗauke ta auren ya tafi ke nan.

Da yamma Saja ya ga yatsan, ya riƙe hannun kamar ƙwai yana hura masa iska. Amma da ta ambaci asibiti sai ya yi kicin-kicin da fuska. Ya ce shi ai ya warke, barci yake har da minshari, wane likita ne zai yi masa abin da matarsa ba ta yi ba? Ya ce ya san yadda ake yi a can, ka shiga da ƙafarka ka fito da sunan mahaukaci. Sai da ta gaya masa sharaɗin Yaya sannan ya sauko.

"Zan je," ya ce. "Don Yaya ya ji daga bakin likita cewa lafiyata lau. Ba mai raba ni da ke, 'yar gatana."

Ita kuwa ta san lafiyar tasa a kan me take tsaye.

Asibitin tsofaffin sojoji dogon baranda ne da bencina, da warin maganin goge ƙasa. Wani da sanda, wani da hannun riga a ninke, wasu kuwa garau kamar Saja. Auta ta lura duk wanda ya shigo bencin da ke jikin bango yake nema, inda zai ga ƙofa, na tsakiya kuwa ba mai zama sai matan da suka yi rakiya.

Likitar mace ce mai 'yar furfura, tabarau a kan hanci, magana a hankali kamar ba ta da sauran marasa lafiya. Ta tambayi Saja yaushe abin ya fara, ko yana mafarkin da ke tayar da shi, kofi nawa yake sha, wace ƙwaya ya gwada, ko akwai ciwon da ke hana shi kwanciya. Ya riƙa amsawa a miƙe kamar yana gaban kwamanda, ya rufe da cewa duk wannan tarihi ne, yanzu yana barci. Likita ta ce madalla. Ta juya wajen Auta ta ce akwai abin da mai barci ba ya sani game da kansa, sai na kusa da shi. Ko numfashinsa yana ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa? Ko yana harbi da ƙafa?

Nan fa Auta ta saki baki, ita a dole mai taimakon likita. Ta ce numfashinsa ba ya ɗaukewa ko sau ɗaya. Minsharin farkon dare ne kawai, in ya juya hagu ya daina. Can tsakiyar dare yana cije haƙora, ya damƙe zanin gado, gumi ya karyo masa, sai ya lafa. Gab da asuba kuma yakan kira wani suna ƙasa-ƙasa.

Likita ta ajiye biro. Ta zare tabarau ta dubi idanun Auta, ta dubi yatsan.

"Ƙanwata, duk wannan a farke kika gan shi. Ke yaushe kike barci?"

Auta ta yi tsuru-tsuru. Ta buɗe baki za ta kawo zancen bayan shago, sai ta ga Saja ya juyo gaba ɗaya yana kallonta, ƙaryar ta gagare ta. Hawaye suka riga ta magana. Ta faɗi komai, da kujerar, da mintsinin, da yadda allura ta same ta.

"Tun yaushe?" Muryar Saja ta dushe.

"Tun ranar farko…"

"Har safe?"

Ta gyaɗa kai.

"To ke… wa yake karɓarki?"

"Babu kowa."

Ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce shi ne mai raba gadi a rundunarsu, kuma bai taɓa barin ƙaramin soja a bakin aiki ya wuce lokacinsa ba, ko ana ruwa ko ana wuta. Sai ga shi ya bar matarsa, da ɗansa a cikinta, ba canji. Daga nan ya kifa kai a gwiwa. Auta ta ji kamar ta tsine wa bakinta.

Likita ta bar su sai da suka lafa. Sannan ta ce abin da ke damunsa rashin barci ne da ya daɗe har ya yi saiwa, ba hauka ba ne, kuma rabin mutanen da ke barandar can da shi suka zo. Jikinsa ya koyi cewa dare wurin haɗari ne, ya ƙi mantawa. Ta ce abin da Auta ta yi ƙauna ce, amma duk daren da ta zauna gadi tana ƙara tabbatar wa jikin nasa ne cewa lallai akwai abin da ake gadi. Don haka gadi ya ƙare, kujera ta bar ɗaki. Barcin yamma ma ya ƙare, kofi sai da safe kawai. Kada ya hau gado sai barci ya rinjaye shi, in ya kwanta ya ƙi zuwa ya tashi ya koma falo ya zauna a ɗan haske har ya dawo. Da safe kuwa lokaci ɗaya zai riƙa tashi, ko bai runtsa ba. Kowane mako zai zo su zauna a kan mafarkan, ƙwaya kuma ba yanzu ba. Ta hana shi tuƙi da taɓa injin ɗaga kaya, ta kuma gargaɗe su da babbar murya cewa abin zai ƙara tsanani kafin ya yi sauƙi.

Ai kuwa ba ta yi ƙarya ba. Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta so ko a tuna mata. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma faɗa a kan murfin tukunya. Da yamma in ta ga kansa yana rinjaya sai ta ja shi su fita zagaya unguwa, yana tafe yana tangaɗi, tana ba shi labaran shago marasa kan gado don dai ya buɗe ido. Ita da take sanɗa don ya yi barci, yau ita ce mai girgiza shi, yana hararta da jajayen idanu, tana haɗiye kuka.

Mafi wuya shi ne daren da ya tsaya a bakin gado, ya kira sunanta a hankali.

"Auta… ki faɗa mini. Yau kaɗai."

Kalmomin suna kan harshenta. Da ta furta, cikin ƙiftawar ido zai huta. Ta damƙe filo har yatsan ya yi mata zugi.

"Ba zan faɗa ba, masoyina. Ba gadi a gidan nan. Ni matarka ce, kwanciya zan yi."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya fita falo. Ta juya wa ƙofa baya tana jin takunsa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Da safe ya kawo mata shayi har gado, ya sumbaci bandejin.

A hankali abin ya fara sakin sa. Wani dare ya sami ɗan guntun barci gab da asuba, wani dare ya fi haka, wani kuma ya koma kamar ba a fara ba. Likita ta ce haka ake yi, su riƙe. Sai dai wannan ci gaban a cikin ɗaki yake, ba ya nunawa a fuska. Kuma a ɗaya daga cikin munanan ranakun ne Yaya ya je sayen kaya kusa da sito, ya hango surukinsa jingine da bango, ido jawur, ya gaishe shi ya amsa da ƙyar kamar wanda ya sha ya bugu.

Wayar Yaya ta shigo Auta tana tsaka da yanka yadi. Bai ko amsa gaisuwa ba. Ya ce ya gani da idonsa, ba sauran jiran ƙarshen wata, ta haɗa kayanta gobe da sassafe yana tafe. Ta ce likita ce ta ce sai an bi ta haka. Ya ce likita ba ita ta raini Auta ba, ya kashe.

Da ta gaya wa Saja, bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya sauko da jakarta daga kan durowa da kansa, ya kakkaɓe ƙurar, ya ce Yaya yana da gaskiya, shi ma da ƙanwarsa ce abin da zai yi ke nan. Ya ce in ya zo ta bi shi, kada ta saɓa wa wanda ya raine ta saboda mutumin da ya kusa kashe ta da ɗanta. Ta fizge jakar ta yi jifa da ita bayan ƙofa, ta ce ba inda za ta. Ya ce ta je. Ta ce ba za ta ba. Haka suka yi ta yi har murya ta ƙare, ba wanda ya ci abincin da ta dafa. Ta kwanta ta bar shi a falo, da niyyar ta kwana tana shirya abin da za ta ce wa Yaya, a'ar farko a rayuwarta.

Bugun ƙofa ne ya tashe ta, irin bugun da Yaya kaɗai yake yi, da gefen dunƙulallen hannu. Gari ya fara haske. Ta diro a firgice ta nufi ƙofa, sai a tsakiyar ɗaki ta ja ta tsaya, ta waiwaya.

Saja yana kan gado. Ba ta san lokacin da ya shigo ba. Ya yi ruf da ciki, baki a buɗe, hannu ɗaya yana lilo a ƙasa, ya ba ƙofa baya. Aka sake dukan ƙofar har taga ta amsa. Mutumin da motsin gado ke dirar da shi ƙasa ko gezau bai yi ba.

Ta buɗe ƙofar da gudu. Yaya ya buɗe baki zai fara, ta ɗaga hannu ta tare shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, don Allah a hankali… barci yake. Ni ma barci nake yi. Mu duka biyu, Yaya."

Sai kuka ya ƙwace mata. A nan bakin ƙofa, cikin raɗa da shessheƙa, ta gaya masa abin da ta ɓoye a ɗakin Umma, daga daren sansani har zuwa ranar da ta hana mijinta abin da ya roƙa. Ta ce in ya ce ta bi shi, ba ta san yadda za ta yi ba, don ba ta iya saɓa masa, kuma ba ta iya tafiya.

Yaya ya leƙa ta saman kanta, ta ƙofar ɗakin da ta bari a buɗe, ya daɗe yana kallon ƙaton mutumin nan da ke kwance kamar yaron goye. Ya dawo da idonsa kan ƙanwarsa, ga shatin filo raɗau a kumatunta, idanun sun kumbura da barci. Ya sa bayan hannu ya share mata hawaye, kamar yadda yake yi tana ƙarama.

"Koma ki kwanta," ya ce, da wata siririyar murya da ba ta san yana da ita ba.

Ta tsaya riƙe da ƙofa tana kallonsa ya nufi tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda in aka tayar da ita sai duk layin ya sani. Ya buɗe, ya sa makulli, sai ya dakata. Ya waiwayi tagar ɗakinsu. Ya zare makullin, ya saki birki, ya fito ya kafa kafaɗa a jikin ƙofar, hannu ɗaya a sitiyari, ya shiga turawa shi kaɗai, yana nishi, takalminsa yana zamewa a ƙasa.

Sai da ya kai ƙarshen layi ya sha kwana, sannan ta ji ya tayar da motar.